Tafiya gobe da asuba kuma ba ka haɗa kaya ba? Ga yadda za ka yi

A garin nan na Abuja ba kasafai tafiyar hutu take zuwa da shiri ba. Oga sai ranar Alhamis da yamma zai sa hannu a takardar hutun, ko gwamnati ta sanar da ranakun hutun Sallah ana saura kwana biyu, ko kuma ka ci karo da tikiti mai sauƙi a intanet da daddare ka saya kawai, daga nan sai ga mutum tsaye a tsakar ɗaki ƙarfe goma na dare, akwati a buɗe, waya na ta ƙara, yara na ta tsalle don murna, shi kuma bai ma san ta inda zai fara ba. To ni dai shawarata ɗaya ce kuma a kanta komai ya rataya: kar ka fara da tufafi. Kusan dukkanmu wadirof muke fara buɗewa, a ɓata awa biyu ana wannan rigar ko waccan, sai an kai Lugbe a hanyar filin jirgi a tuna an bar fasfo ko maganin hawan jini a kan durowa. Riga ko ka manta za ka samu ta saya duk inda ka sauka, amma akwai abubuwan da in ka bari a gida, tafiyar ce gaba ɗaya ta lalace.

Kafin ka taɓa komai ma, je ka jona wayarka da fawa bank da duk wani abu mai batir a caji, yanzu-yanzu da akwai wuta, don ba ka da tabbacin za ta kai asuba. Su yi ta caji kana aikinka.

Sai ka ɗauko ƙaramar jakar da ba za ta rabu da jikinka ba har ka isa, wadda za ka rataya ko ka ɗora a cinya. Minti goma sha biyar na farko nata ne. A ciki za ka sa katin shaida, katin ATM, tsabar kuɗi, magani, tabarau in kana sawa, makullin gida, da caja in ta gama aiki. Katin shaidar nan kar ka raina shi ko da tafiyar cikin gida ce, a filin jirgi sai sun haɗa sunan da ke tikiti da wanda ke kati, haka jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da ake hawa a Idu ko Kubwa a sauka a Rigasa, da lambar NIN ake yankar tikitinsa, kuma lokacin biki tikitin nan ƙarewa yake da wuri, saboda haka in ba ka yanka ba tukuna ajiye akwatin ka fara yanka. Da ka samu tikiti, na sama ne ko na ƙasa, ɗauki hotonsa ka ajiye a waya, ka tura wa wani naka ta WhatsApp, domin netwok yakan ƙi a daidai lokacin da aka ce ka nuna, mutane a bayanka suna jira.

In ƙetare za ka, buɗe fasfon ka duba ranar ƙarewarsa da idonka, kar ka ce ai na san da saura. Ƙasashe da yawa ba sa yarda ka shiga sai fasfon yana da sauran wata 6 aƙalla, kuma tun a nan wurin cek-in za a tsayar da kai. Duba katin rigakafin shawara, wannan ruwan ɗorawan da ake ce wa yalo kad, ko Gana za ka da ba a neman biza a wurin ɗan Najeriya ana tambayarsa. Biza, takardar otal, tikitin dawowa, in akwai firinta a kusa ka fitar da su a takarda, in babu hoton waya ya wadatar. Kuɗin waje kuma in ya haura dala 10,000 doka ce sai ka bayyana wa kwastan. In ba ka yi canji ba kuma dare ya yi, 'yan canjin Wuse Zone 4 sun tashi, to ka canza kaɗan kawai a filin jirgi na mota da abincin ranar farko, farashin can ba shi da daɗi.

Tsabar naira ma ka riƙe 'yan ƙanana, ɗari biyar-biyar da dubu-dubu, ka raba su gida biyu, wasu a aljihu wasu a jaka. Lokacin Sallah da ƙarshen shekara na'urorin ATM kan bushe, mai POS ya ƙara caji, tiransifa ta maƙale, ga mai ɗaukar kaya a tasha ga mai ruwa ga mai ayaba a hanya duk tsaba suke so.

Maganar magani ina so in ɗan tsaya a kanta don nan ne abin ya fi ba ni tausayi. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai asma, mai olsa, mai sikila, ƙirga ƙwayoyinka su kai kwanakin tafiyar ka ƙara na kwana uku a kai saboda jirgi na iya ɗagewa ko a riƙe ka a gida a ce sai ka ƙara kwana. In bai kai ba fita yanzu, akwai kantunan magani a Wuse da Garki da Gwarinpa da ba sa rufewa da wuri. Kar ka ɓare su ka juye a leda ɗaya don rage wuri, bar kowanne a kwalinsa da sunansa, in akwai takardar likita haɗa da ita. Wannan ya fi muhimmanci ga mai zuwa Saudiyya ko Dubai, can ba sa wasa da irin su tiramadol da kodin, abin da kai ka ɗauka maganin ciwon baya ne zai iya sa a tsare ka. Inhela da allurar insulin a jakar hannu suke zama, ba a akwatin da za a jefa a cikin jirgi ko a ɗaure a bayan mota rana na dukansa ba. In da tsoho ko tsohuwa za ku yi tafiyar, kai da kanka za ka je ka ce Baba kawo magungunan in gani, don su sau da yawa sai su ce ai sun ji sauƙi ba sai an ɗauka ba.

To yanzu ne za a zo kan tufafi, kuma a nan ƙirge za ka yi, ba zaɓe ba. Kwana nawa? In huɗu ne, shimfiɗa kaya huɗu a kan gado, kowanne cikakke, riga da wando da singileti da gajeren wando da safa a wuri ɗaya, sai ka ƙara ɗaya na ko-ta-kwana, sai na barci. In Juma'a ko Idi ko ɗaurin aure zai same ka a can, ware masa kaya ɗaya mai kyau da hularsa. Shi ke nan, rufe wadirof. In tafiyar ta wuce mako, kar ka ninka, kayan kwana biyar ko shida sun isa, duk garin da za ka akwai mai wanki da guga. Abin da ke cika akwati ba kayan da za a sa ba ne, kayan “wataƙila” ne, wataƙila a fita da dare, wataƙila a je gidan wane, su ne za ka dawo da su ko ninkinsu ba ka warware ba. Wanda bai gama bushewa a igiya ba kuma ka bar shi, kaya mai danshi in ya kwana a rufe duk akwatin zai ɗauki wari.

Amma ka tambayi kanka ina za ni. Mutumin Abuja ya saba da zafi, sai ya ɗebi kaya marasa nauyi ya nufi Jos a watan Disamba, alhali garin yana kan tudu ne sama da mita 1,200, da daddare da asuba lokacin hunturu sanyi kan sauka har kusan digiri 10, ruwan alwala ma sai ka yi ta maza. Wanda za shi Jos tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya sa suwaita mai kauri, safa, hular sanyi musamman ta yara, basilin da man leɓe, in ba haka ba kwana biyu ƙafa ta yi kaushi leɓe ya tsage. Suwaitar kar ka cusa ta a akwati tana cin wuri, riƙe ta a hannu ko ka ɗaura a kafaɗa, da kun fara Hawan Kibo, hawan dutsen da ke kan hanyar shiga Jos, za ka neme ta. In da niyyar hawa duwatsun Shere ko a tsaya a ruwan Assop, sai da kambas mai kama ƙasa, takalmin fata mai santsi ba na wurin ba ne. Da damina kuma, wajen Yuli da Agusta, lema dole. Wanda zai zarce Yankari a Bauchi ya sa gajeren wando da tawul da silifas saboda ruwan Wikki, ɗuminsa wajen digiri 31 ne dare da rana, ba wanda zai gan shi bai so shiga ba, sannan ya haɗa da maganin shafawa na sauro.

Wajen jerawa, takalma ne a ƙasa, can gefen tayoyin akwatin, kowanne a leda, kuma ƙafa biyu sun isa bayan wanda ke ƙafarka, da silifas ɗin wanka. Tishat, jins, jallabiya, kayan barci, tawul, waɗannan naɗe su za ka yi kamar tabarma ka jera su a matse, sun fi cin ƙaramin wuri kuma ba sa yamutsewa sosai. Amma shadda mai sitaci ko yadin da aka goge kar ka kuskura ka naɗe, bar shi a ninkin mai guga, in da ledarsa ma ya fi, shi ne zai zo a sama na ƙarshe sai ka ja bel ɗin cikin akwatin ka ɗaure. Hula ita ce ta fi wahala, zanna bukar in ta murƙushe ta tashi daga aiki sai an kai wa mai wankin hula. Abin da za ka yi, saka ɗaya cikin ɗaya, ka cika cikin da safa da singileti har ta yi tauri ta tsaya da kanta, sai ka yi mata gurbi a kusurwa ka kewaye ta da kayan da ka naɗe. Haka za ta isa da karinta.

'Yar'uwa, ke kuma na san naki ya fi yawa, amma dabarar ɗaya ce. Zaɓi mayafi biyu da za su shiga da kusan duk kayan, baƙi da wani mai haske, maimakon kowace atamfa da nata gyalen da takalminta da jakarta. Abaya da doguwar riga marasa yamutsewa su ne abokan tafiyar gaggawa, leshi mai nauyi guda ɗaya in akwai biki. Hijabin sallah da ƙaramar sallaya su zo a sama inda hannu zai kai in an tsaya a hanya. Audugar mata ki sa ko da lissafinki ya nuna da saura, tafiya na canza abubuwa. Sarƙa da ɗankunne na gwal a jakar hannu, ba a akwati ba ko kusa. Sai humra da turare da man gashi, don Allah a ba su minti biyar. Buɗe murfin, ɗora guntun leda a bakin kwalbar, mayar da murfin ki murɗa sosai a kan ledar, ki zagaye da salatef, sannan ki sa a wata ledar ki ƙulle ki cusa a tsakiyar tawul. Humra in ta zube a kan farar shadda ba ta fita, za ki buɗe akwati ki ga tabo ruwan ƙasa ya ratsa ninki uku, ƙamshi ya cika ɗaki, kayan Idi kuma sun tafi.

Mai hawa jirgin sama ya kula da abu biyu da suke juye da juna. Ruwa-ruwa, wato turare, man shafawa, shamfu, man goge baki, in kwalbar ta wuce mililita 100 ba ta shiga jakar hannu, musamman a jirgin ƙetare, sai dai babban akwati, kuma girman kwalbar ake dubawa ba abin da ya rage a ciki ba, turarenka mai tsada za a karɓe a ajiye kana kallo. Almakashi, reza, wuƙa, su ma babban akwati. Fawa bank kuwa akasin haka ne, ba a yarda ya shiga akwatin da za a auna ba saboda batirinsa na iya kamawa da wuta, a hannu ake riƙe shi, kuma na yau da kullum irin mai ƙarfin mAh 10,000 ko 20,000 ba matsala. Laftof ma a hannu. Kan caja irin namu mai ƙafa uku yana shiga soket a Saudiyya da Dubai da Ingila da Gana, amma Turkiyya da Masar da Faransa mai ƙafa biyu zagayayyu suke amfani da shi, Amurka ma nata daban, sai da adafta.

Masu yara, a jakar hannu a sa famfas na yini guda cur, kayan canji ɗaya ga kowane yaro, leda biyu ko uku babu komai a ciki saboda amai, farasitamol na ruwa, gishirin ORS, biskit da ruwa. Yaron da ya kai shekara bakwai a ba shi 'yar jakar makarantarsa ya riƙe suwaitarsa da abin wasansa guda ɗaya, ya rage miki kaya kuma shi ma daɗi zai ji.

Tsaraba ita ce ke cinye lokacin da babu. In tafiya gobe ce kar ka ce bari in leƙa kasuwar Wuse ko Utako, wajen neman wurin fakin kaɗai yamma ta yi. Tsaya a hanya ka sayi burodi da lemo da ayaba, ko in ka sauka ka sayi abin da ya samu, ko ka sa wa tsofaffi kuɗi a ambulan, ba wanda zai ƙi. In kilishin Area 1 aka ce lallai sai ka zo da shi, aika a sayo maka kana haɗa kaya. Sai dai kilishin nan da dambun nama ba sa shiga Ingila ko Amurka, za a ƙwace, a Amurka in ba ka bayyana ba har tara suke ci. Goro kuma haramtacce ne shiga da shi Saudiyya, duk shekara sai hukumar alhazai ta ja kunne a kai, to mai zuwa Umara ya cire shi daga lissafi. Manja da man shanu ni ban ga dalilin ɗaukarsu a tafiyar gaggawa ba sam.

Sannan saƙo. Da an ji za ka yi tafiya za a fara kira, don Allah ga ɗan saƙo ka kai wa wance. Ba laifi a taimaka, zumunci ne, amma duk abin da za ka karɓa a buɗe shi a gabanka ka ga mene ne, ko na waye, ko kunyar wa kake ji. Wanda ya ce kar a buɗe, mayar masa da abinsa. A filin jirgi kuwa kar ka riƙe wa baƙo ko da leda ce, ko da tsohuwa ce ta roƙe ka ta ce kilonta ya yi yawa, domin duk abin da jami'an NDLEA masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka samu a kayan da ke ɗauke da sunanka, kai ne za ka amsa, kuma mutanen kirki sun shiga bala'i ta wannan hanyar.

In ka rufe akwati auna shi. Hau sikelin banɗaki kai kaɗai, sake hawa riƙe da akwatin, ka debe. Jiragen ƙetare yawanci kilo 23 ne kowace jaka, ta hannu wajen kilo 7, na cikin gida sau da yawa bai kai haka ba, kuma kowane kamfani da nasa, yana nan rubuce a tikitinka. Duk wanda ya saba bi ta filin jirgin Nnamdi Azikiwe ya ga yadda ake durƙusawa a gaban kanta ana zazzage akwati a ƙasa, kayan ciki a fili, ana neman abin da za a rage, layi na kallo. Minti biyu a gida ya raba ka da wannan. Jakar Gana-mas-go tana da kyau a mota, amma wasu kamfanonin jirgi sun daina karɓarta, kuma zif ɗinta ba amana. Ɗaura ƙyallen atamfa mai haske a hannun akwatin don baƙaƙen akwatuna duk kamarsu ɗaya, rubuta suna da lambar waya a takarda ka jefa ciki, ka ɗauki hotonsa a waya ko da zai ɓace.

Mai bin mota daga tashar Jabi ko Utako ko Zuba ko Nyanya, jaka mai laushi ta fi akwati mai tauri, ta fi shiga but kuma ba a cika cajinta kuɗin kaya da yawa ba, ka tsaya ka ga inda aka sa ta kafin ka zauna. Mai tuƙa tasa motar ya sha mai tun daren, ya duba safaya da jak da ruwan lagireto da takardun mota da abin kashe gobara, 'yan Rod Sefti na nan a hanya lokacin biki. Ku fita da sassafe, da sanyin safiya ake kama fara, kuma mai zuwa Jos ta Keffi da Akwanga in ya fita da asuba gosulon Nyanya da Mararaba bai shafe shi ba don a lokacin masu shigowa gari ne ke cikinsa, amma in ya bari sai yamma da shi za a yi. Tafiyar dare dai a bar ta, halin hanyoyinmu ba ɓoyayye ba ne.

Gidan da za ka bari shi ma yana da hakki. Rufe kan silindar gas, zare dutsen guga da hita da duk abin da ke soket, duba famfuna a rufe suke ko da babu ruwa a lokacin, don in aka kawo ruwa ba kowa gida sai ya malale har falon maƙwabcin ƙasa. Miya da nama da ke firij a ba maigadi ko maƙwabta, kar a dogara da wuta, a fitar da shara. Faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi ranar dawowarka, hotunan tafiya kuma a dakata da sa su a sitatus har a dawo.

Akwati ya kwana a rufe a bakin ƙofa, kayan da za ka sa da safe a rataye, mota ko Bolt a shirya tun dare. Daga tsakiyar gari zuwa filin jirgi wajen kilomita 40 ne, jirgin cikin gida ka isa da saura awa biyu, na ƙetare awa uku, ka ƙara rabin awa saboda hanya in daga Kubwa ko Gwarinpa ko Karu za ka taso. Abubuwan da ba za su shiga jaka ba sai da safe, buroshi, caja, fawa bank, tabarau, maganin da ke firij, fidar jariri, rubuta su a takarda da manyan baƙi ka manna a jikin ƙofar fita daidai wurin makulli, sai ka saita alam biyu ka je ka kwanta.